Dubu Ashirin a Kwali, Caji Biyu da Rabi a Hannu

A cikin watan Afrilun bara na sayi wani fawa-bank, wato batirin nan da ake tara caji a cikinsa domin a ɗura wa salula idan wuta ta ɗauke, a wani ɗan shagon kayan waya da ke bakin kasuwar Dole a nan Damagaram, kuma tun daga ranar da ya shigo hannuna ban yi sati guda ban ɗora masa aiki ba. Sunan da aka buga a jikinsa ba shi da wani muhimmanci, domin ire-irensa sun cika kasuwa da sunaye barkatai, kuma abin da ya haɗa su duka shi ne lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe a gaban kwali, 20,000 mAh, wato ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka, wadda a baki muke taƙaitawa da cewa “mai dubu ashirin”. Nawa baƙi ne, ya ɗan fi tafin hannu tsawo, yana da kafa biyu ta fitar da caji da kafa ɗaya irin ta USB-C wadda take karɓa take kuma bayarwa, sannan da ɗan ƙaramin allo mai nuna abin da ya rage a cikinsa daga 100 zuwa sifiri. Jika goma cif na biya, wato sefa 10,000, bayan an fara yi mini kuɗi a jika goma sha biyu da rabi.

Wanda ya san Damagaram da bazara ba ya bukatar a yi masa bayanin abin da ya kai ni ga sayensa. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, kowa ya kunna fanka da firiji, wuta kuma ta riƙa zuwa tana tafiya ba sallama. Babban kaso na wutar lantarkin da muke sha a wannan yanki daga Najeriya yake zuwa ta layin Katsina, kuma tun watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka kuma kwashe watanni kafin a maido da ita a 2024, mutane suka koyi cewa cajin salula ba abin da za a bar wa sa'a ba ne. Ni malamin makaranta ne, salulata ita ce fitilata kuma ita ce rediyona, a cikinta nake karɓar saƙonnin iyayen yara da na abokan aiki ta WhatsApp. Batirinta, kamar yadda aka rubuta a nata kwalin, 5,000 mAh ne.

Ranar da na fara zuwa shagon babu mai dubu ashirin, sun ƙare. Saurayin da ke tsaron shagon ya ciro mini wani ƙarami daga kusurwar gilashi, ya kaɗe masa ƙura, ya kira ni yadda ake kiran malamin makaranta a nan, ya ce, “Mushe, ga wannan, wallahi mai kyau ne, kawai dai mutane ba sa son lambarsa.” Na duba na ga an rubuta 13,400, kuma abin da ya fara zo mini a rai shi ne wannan kuma wace irin lamba ce, sai ka ce ragowar canjin da aka tsinto a aljihu. Na mayar masa, na ce, “Samari, ni mai dubu ashirin nake so.” A tsaye a gaban gilashin na yi lissafin da ɗan aji uku zai iya yi: dubu ashirin a raba da dubu biyar, huɗu ke nan, ba saura ba ɗoriya. Caji huɗu cur, wato kwana huɗu ko biyar ba ruwana da zuwan wuta ko tafiyarta. Lissafin ya yi mini daɗi ƙwarai saboda ya fita tsaf, kuma wannan fita tsaf ɗin ce ta hana ni tsayawa in tambayi kaina ko gaskiya ne. Yaron ya ce maigidansa zai taho da sababbi daga Kano nan da sati guda, muka daidaita a kan farashi, na ba shi jika biyu kafin alƙalami, na tafi.

Satin nan guda sai da ya zama uku, kuma a cikin sati ukun abin ya yi ta girma a raina har ya wuce matsayin batir. Na shaida wa uwargida cewa ta kusa daina aika yara da salula wajen masu cajin kuɗi. Na yi wa abokan aiki alkawarin cewa a ranakun jarrabawa kowa ya zo da igiyarsa, ni zan ɗauki nauyin wuta. Sau uku na bi ta shagon a kan babur da rana tsaka, har yaron ya fara hango ni daga nesa yana girgiza kai tun kafin in tsaya. Duk tsawon lokacin mai 13,400 yana nan inda yake, kuma da na saye shi ranar farko da na huta da dare ashirin na fargabar mutuwar salula, amma ko kallonsa ban sake yi ba, domin huɗu ta riga ta zauna mini a kai, duk abin da bai kai ta ba kuwa ragi ne a wurina.

Ranar da ya iso na jona shi tun bayan la'asar, aka kuma yi sa'a wuta ta zauna. Da cajar salulata ta yau da kullum ya ɗauki kusan awa tara kafin ya cika, kuma abin da na fi tunawa shi ne ƙarshen, domin allon ya kai 99 bayan sha biyun dare ya tsaya cak, ni kuma na zauna a kan tabarma ina kallonsa kusan minti arba'in alhali ina da aji da sassafe. Na san sarai cewa babu wani bambanci na a zo a gani tsakanin 99 da 100, na kuma ji daga baya cewa haka batirin litiyam yake, idan ya kusa cika sai ya rage saurin karɓa domin kada ya yi wa kansa lahani, amma hannuna ya kasa cire shi. Mu da muka saba jan carbi talatin da uku sau uku sannan mu cika ɗari da kalmar tauhidi, wataƙila jikinmu ya riga ya yarda cewa 99 ba wurin tsayawa ba ne.

Gwajin farko a gida na yi shi. Na bar salula ta kusa mutuwa sannan na jona ta, kuma lokacin da ta cika sai na ga allon fawa-bank ɗin yana nuna 62, alhali bisa lissafina 75 ya kamata in gani. Caji na biyu ya saukar da shi zuwa 24, na uku kuwa bai kai ga cika ta ba, tana wajen kashi 60 cikin ɗari allon ya mutu. Na rarrashi kaina da cewa sabo ne, bai ware ba tukuna, maganar da ba ta da tushe ko kaɗan amma ta fi sauƙin haɗiya a kan amincewa cewa na yi kuskure. Kwana goma bayan haka wata ta'aziyya ta kai ni Yamai, tafiyar kusan kilomita 900 wadda mu kan cika ta mu ce dubu, kuma na shiga mota kafin asuba da fawa-bank a cike da kuma zuciyar mai arziki. Bayan mun wuce Tasawa wani dattijo da ke kusa da ni ya ce, “Malam, ko za ka sam mini ɗan caji, tawa ta mutu tun tasha.” Na ce, “Baba, ai wannan dubu ashirin ne, jona ka huta.” Na cika tasa, na cika tawa ina sauraron rediyo a cikinta, na kuma ba wata mata da ke bayanmu bayan mun bar Ƙonni. A Dogon Dutsi allon ya nuna sifiri, kuma na shiga Yamai da dare ina aron salular dattijon nan domin in kira wanda zai tarbe ni.

Da na dawo ban ko sauke gajiya ba na nufi Dole, na aje masa abin a kan gilashi, na ce, “Samari, jabu kuka sayar mini.” Yaron bai yi musu da ni ba, ya dai rantse cewa na gaske ne, sannan ya ja ni zuwa rumfar wani mai gyaran salula da ke maƙwabtaka da su, mutum mai kimanin shekaruna wanda ya ɗauki abin ya jinjina nauyinsa a hannu kafin ya ce komai. Ya juya bayansa, ya miƙo mini madubin ƙara girma da yake aiki da shi, ya nuna mini wasu ƙananan rubuce-rubuce masu launin toka a kan baƙi waɗanda ban taɓa lura da su ba. A layi na farko an rubuta 20,000 mAh da 3.7 V da 74 Wh, a layi na biyu kuma an rubuta 12,000 mAh da 5 V. Ya ce, “Malam, idan mutum ya ce maka yana da dubu ashirin a aljihu, ai sai ka tambaye shi naira ko sefa.”

Wannan jimla ita ce ta warware mini komai, sauran na ƙarasa da alƙalami a gida. Lambar mAh ita kaɗai ba ta faɗin yawan ƙarfin da ke cikin batir sai an haɗa ta da bolt, kamar yadda adadin kuɗi ba ya faɗin abin da zai saya sai an san kuɗin wace ƙasa ne. Ƙwayoyin litiyam da ke cikin fawa-bank suna aiki ne a bolt 3.7, kuma a kan wannan bolt ɗin aka ƙirga dubu ashirin. Idan aka ninka 20,000 da 3.7 aka raba da 1,000 za a sami 74, wato 74 Wh ɗin nan da ke rubuce a baya, kuma ita ce ainihin dukiyar da ke cikin akwatin. Amma kafar USB bolt 5 take fitarwa, saboda haka dole a yi canji, kuma 74 Wh a bolt 5 bai wuce 14,800 mAh ba tun kafin a cire komai. Ɗan canji kuwa ba ya aiki kyauta. Na'urar da ke ɗaga bolt ɗin tana cin nata rabon, wanda yake fita a matsayin ɗumin da ake ji a jikin akwatin, shi ya sa masu ƙerawa suka rubuta 12,000 a ƙananan baƙaƙe. Idan cajin ya bi igiya ya shiga salula sai a sake wani canjin, a sauko da shi daidai da batirinta, can ma a cire la'ada. Duk wanda ya taɓa mayar da sefa naira a bakin iyaka, sannan ya dawo da ita ya sake mayarwa sefa, ya san ba ya komawa gida da abin da ya fita da shi. Batirin salulata yana ɗaukar kimanin 19 Wh, abin da ke isa gare shi daga cikin 74 ɗin nan bayan canji biyu kuwa kimanin 50 ne, kuma 50 a raba da 19 yana ba da biyu da rabi da ɗan ɗoriya, daidai abin da na gani a kan tabarmata.

Ke nan ba jabu ba ne, kuma na nemi afuwar yaron. Sai dai ban wanke masu ƙerawa ba, domin sun san lambar da mai saye yake bukatar sani, sun kuma zaɓi su ɓoye ta a baya da rubutun da sai da madubi ake karantawa, suka kafa ɗaya a gaba da baƙaƙen da ake hangowa daga ƙofar shago. Ba su kaɗai ke yin haka ba. Ita kanta 5,000 ɗin da ake rubuta wa batirin salula matsakaicin adadi ne, kuma a wasu manyan wayoyin Samsung kamfanin da kansa ya bayyana cewa mafi ƙarancin abin da ya lamunta shi ne 4,855. Katin ajiya da aka rubuta wa 128 GB idan aka sa shi a kwamfuta 119 take nunawa, saboda mai sayarwa da 1,000 yake ƙirga, kwamfuta kuma da 1,024.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar yaron ta ranar farko, cewa mutane ba sa son lambar 13,400, domin ni ma ina cikin mutanen. Harshenmu kansa yana jingina da cikakkiyar lamba: mukan ce ashirin ba ɗaya, mu ce ɗari ba biyu, wato muna auna adadi da abin da ya rasa kafin ya cika, idan kuma ya wuce sai mu ce ɗari da ɗoriya, mu share ɗoriyar kamar ba kuɗi ba ce. Har ɗan Adam muka ce tara yake bai cika goma ba. A ciniki ma haka ne, ban tsaya a jika goma don na san darajar abin ba, na tsaya ne don a nan baki yake hutawa, kuma da yaron ya ce jika tara da dala ɗari da sittin da na ɗauka akwai wata maƙarƙashiya. Abin dariya shi ne mu mutanen Nijar mun fi kowa sanin cewa cikar lamba al'ada ce kawai, tunda da dala muke ƙirga kuɗi, dala ɗaya tamma biyar, ɗarinmu ta kasuwa 500 ce a rubuce, jika kuma dala 200 ce, har baƙon da ya zo daga Kano yakan rikice a ranarsa ta farko. Dubu ashirin kuwa tsohuwar abokiyar kasuwar ƙasar Hausa ce, domin a zamanin wuri keso guda wuri 20,000 ne, kuma ko a yau idan aka tambayi ɗan Damagaram ƙarfin matatar man SORAZ da aka buɗe a 2011 zai ce ganga 20,000 a rana ba tare da ya yi tunani ba, saboda lamba ce mai zama a kai. Bambancin shi ne wuri ana zube shi a ƙasa a ƙirga biyar-biyar, kuma buhun hatsin da ake kira na kilo ɗari babu magidancin da zai saya bai tambayi tiya nawa ke ciki ba. A kan hatsi muna da wayo na gado, amma da aka rufe abu a cikin baƙin roba aka buga masa sifiri huɗu sai muka karɓa ba tambaya.

Masu yin jabu na ainihi sun fahimci wannan fiye da kowa. Maƙwabcina, da ya ji ina ƙorafi, ya fito da nasa yana dariya, ya ce ni na yi ƙaramin saye, nasa 50,000 ne kuma jika bakwai ya saya, har da ɗan farantin sola a bayansa. Muka kai su biyun kan sikelin wani mai sayar da ƙusa a unguwarmu, nawa ya yi gram 430, nasa gram 280. Mai gyaran nan ya riga ya koya mini cewa batir ba ya ɓoye nauyinsa: ƙwayar litiyam ɗin nan mai kama da ɗan yatsa, wadda ake kira 18650, tana da nauyin kusan gram 45 zuwa 50, kuma mafi kyawunta ba ta wuce kimanin 3,500 mAh, saboda haka 50,000 ta gaskiya tana bukatar ƙwaya goma sha huɗu ko sha biyar, kusan gram 700 tun ba a sa murfi ba. Na maƙwabcina caji ɗaya da rabi yake yi. Farantin solar kuwa ado ne, domin faranti mai faɗin tafin hannu da ƙyar yake ba da wat ɗaya ko biyu, ko nawa mai 74 Wh zai nemi kwanaki a rana kafin ya cika da irinsa, kuma shanya batirin litiyam a ranar Damagaram hanya ce ta kashe shi da wuri.

A wurin mai gyaran ne kuma na ji asalin lambar da na raina. Ƙwaya huɗu ce mai 3,350 kowace, aka haɗa aka sami 13,400, mai ƙerawa ya rubuta abin da lissafi ya ba shi bai cika ba bai rage ba. Haka ma 20,100 ƙwaya shida ce, 26,800 kuma ƙwaya takwas. Ita 26,800 tana da wani dalili na daban da ya kamata maniyyata aikin hajji su sani: a bolt 3.7 tana ba da 99 Wh da ɗan ɗoriya, ƙa'idar jiragen sama kuwa ita ce batirin da bai wuce 100 Wh ba shi ake shiga da shi ba tare da neman izinin kamfanin jirgi ba, kuma a jakar hannu, ba a cikin kayan da ake aunawa ba. Ba ina cewa duk lamba mai ɗoriya gaskiya ce ba, amma wanda ya zauna zai ƙirƙiri ƙarya ba kasafai yake wahalar da kansa da 400 a ƙarshe ba.

Idan aka aje maganar lamba a gefe, abin yana aikinsa, kuma bayan watanni ina amfani da shi ina iya cewa ya fi yawancin kayan lantarkin da na saya a irin kuɗinsa. Har yanzu yana cika salulata sau biyu ya bar ragowar da za ta kai ni la'asar, ko da yake na lura ya ɗan ragu daga yadda yake a farko, wanda haka batir yake da tsufa. Da na sayi caja mai wat 18 sai lokacin cikarsa ya sauko daga awa tara zuwa kusan biyar, kuma a garin da ba a san tsawon zaman wuta ba wannan ya fi kowace lamba da ke kan kwali muhimmanci, saboda haka duk mai niyyar saye ya sa kuɗin caja a cikin lissafinsa. Inda ya fi burge ni ba a kan salula ba ne. A daren da zafi ya hana yara barci na jona masa ƴar ƙaramar fanka mai USB tun bayan isha'i, ta yi ta juyawa har kiran asalatu, da safe kuma allon yana nuna ashirin da wani abu. A wannan daren ban tuna da huɗu ba.

Aibobinsa ma a fili suke. Igiyar da ta zo a cikin kwalin gajeriya ce ƙwarai, kuma ba ta yi wata guda ba bakinta ya saki. Allon ba abin dogaro ba ne a ƙarshensa biyu, domin daga 100 zuwa 90 yana sauka kamar an tunkuɗa shi, a tsakiya ya natsu, daga 15 kuma yana iya faɗawa sifiri cikin ƴan mintuna, saboda haka idan na ga 20 nakan ɗauka ya ƙare. Idan aka jona masa abu mai cin wuta kaɗan, kamar ƴar ƙaramar cocila, yakan kashe kansa bayan ɗan lokaci kamar ba a jona komai ba. Yana ɗumi sosai idan yana caji da sauri da rana, kuma tunda batirin litiyam ba a so a yi cajinsa a zafin da ya wuce kimanin digiri 45, na daina barinsa a ƙarƙashin sirdin babur ko kusa da taga, nakan aje shi a ƙasa a kan siminti kusa da randa. Mai gyaran ya gargaɗe ni cewa ranar da na ga cikinsa ya kumbura in daina amfani da shi nan take, kada in tsaya ganin ko zai ƙara wata guda. Nauyinsa kuma ba na aljihun riga ba ne, sai jaka.

A kan kuɗi ban yi asara ba. Idan ana biyan dala ashirin a kowane caji wajen masu cajin kuɗi, jika goma caji ɗari ke nan, kuma tsakanin salulata da ta uwargida mun wuce haka tuntuni, ko da yake shi ma wannan lissafin ya fita cif, don haka ina kallonsa da taka-tsantsan. Wanda salularsa ke da batir 5,000 kuma yake son kwana biyu zuwa uku ba tare da wuta ba, wannan zai ishe shi, muddin ya juya bayan kwalin ya nemi lambar da ke kusa da 5 V ya kuma jinjina nauyin abin a hannu kafin ya biya. Wanda yake neman abin sawa a aljihu don wuni guda, ƙarami ya fi masa. Shagon kansa ba ni da ƙorafi a kansa sai na alkawarin sati guda da ya zama uku. Yaron bai ɓoye mini komai da ya sani ba, kuma da na zo da fushi bai bar ni na tafi da jahilcina ba.

Makon jiya na koma sayen sabuwar igiya, na tarar an kawo wasu sababbi masu launin ja da fitila biyu a goshi, an rubuta musu 100,000. Na roƙi yaron ya ɗora ɗaya a kan ɗan sikelin mai gyara, ya yi gram 310, muka kalli juna ya yi murmushi ya mayar da shi cikin gilashi. Kafin in gama zaɓen igiya an sayi biyu, ɗaya daga cikin masu sayen ma ɗalibina ne na da, wanda na koya wa rabawa da hannuna, kuma da na fara yi masa bayanin bolt sai ya ce cikin ladabi, “Mushe, ai ko rabin dubu ɗari ya bayar ya isa.” Mai 13,400 yana nan a kusurwarsa, kwalinsa ya fara koɗewa, kuma yaron ya ce idan ina so zai bar mini shi a jika bakwai da rabi.